Alfred Büchi: Injiniyan da ya mayar da hayaƙi ƙarfin inji

An haifi Alfred Büchi a Winterthur ta ƙasar Suwizalan a 1879, ya karanci aikin injiniya a Zurich. Damuwarsa ita ce ƙarfin da ke salwanta cikin hayaƙin inji. A 1905 ya yi rajistar dabarar turbo: hayaƙin ya juya farfela, ita kuma ta cusa wa inji ƙarin iska.

Sai bayan kimanin shekara 20 dabarar ta karɓu, a jiragen ruwan Jamus masu injin dizal. Da yake matsa iska na sa ta zafi, zafin kuma na rage oksijin da inji ke samu, motocin yau na ɗauke da na'urar sanyaya ta.

Büchi ya rasu a 1959, shekara uku kafin a fara sayar da ƙananan motoci masu turbo a Amurka.