Labarin Dorugu, Bahaushen da Ya Yi Karatu a Ingila

Ya kai mai karatu, wanda ka shiga hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana tambaya, wataƙila wata rana za a aike ka nesa da gida domin ka koyi yadda mai bi yake ba da hujjar bangaskiyarsa. Ko Zariya ce, ko Jos, ko bayan teku, za ka tarar da baƙon abinci da baƙon harshe, kewar gida kuma za ta kwana tare da kai. Domin wannan ga labarin wani Bahaushe wanda ya riga ka bin wannan hanya. Ka dubi zamansa, ka auna naka.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya kai Kukawa ta Barno. A can wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi cikin 1852, sai yaran suka koma hannun abokinsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Suka bi shi Katsina da Sakkwato har Tambutu. A komowa, ƙarshen 1854, suka fito daga Kano suka bi ta Gumel, nan arewa da Miga, suka nufi Kukawa. Cikin 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya ɗauke su zuwa Turai.

A Ingila kuwa akwai wani mai bishara, James Frederick Schön, shi ma Bajamushe ne. Ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya kuma hau kogin Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, amma bai taɓa sa ƙafa a tsakiyar ƙasar Hausa ba. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama limamin asibitin mayaƙan ruwa a garin Chatham. Muradinsa shi ne Hausawa su sami Maganar Allah da harshensu. Barth ya yi niyyar mai da yaran gida, Schön kuwa ya nemi su zauna wurinsa, har magana ta ɓaci tsakanin Turawan biyu. Abbega ya komo Afirka cikin 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya zauna gidan Schön har 1864. Aka yi masa baftisma da suna James Henry: James sunan Schön ne, Henry kuwa shi ne Heinrich a bakin mutanen Ingila.

To, yaya zamansa ya kasance cikin waɗannan shekaru? Kada ka yi tsammanin manyan abubuwa. Ya koyi karatu da rubutu. Yakan zauna da malaminsa, malamin yana tambaya, shi yana amsawa, yana faɗin kalma, yana maimaitawa, ana rubutawa. Yau sunan wani abu, gobe tatsuniya, jibi wata aya mai wuyar juyawa. Daga wannan aiki na kullum aka buga Bishara ta Matta da Hausa cikin 1857, Littafin Farawa cikin 1858, Littafin Fitowa cikin 1859, da littafin nahawun Hausa cikin 1862. Ka lura da wannan, ɗan'uwa. Sabon mai bi yakan ƙosa ya iya gardama domin ya ka da abokin magana a kasuwa. Amma wanda bai iya faɗin abin da ya gaskata da harshen uwarsa sarai ba, wace amsa zai bayar idan kawunsa ya tambaye shi a zaure? Sannu ba ta hana zuwa. Ka fara sanin Littafin tukuna.

Ga abu na biyu. Dorugu ya shiga ƙasar Turawa da ido a buɗe. Ya faɗa wa Schön labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, har da yadda mutanen Ingila suke shirin zama cin abinci, da irin tufafin da suke sawa. Wannan labari yana cikin littafin Magana Hausa da aka buga cikin 1885. Wanda ya karanta zai ga yaro mai lura, wanda yake duban al'adar masu masaukinsa da idon Bahaushe. Kai ma haka za ka yi. Ka girmama mai gidan da ka sauka, ka ci abin da aka sa a gabanka da godiya, amma ka rarrabe tsakanin bishara da al'adar wanda ya kawo ta. Cokali da kwat ba su cikin sharuɗan ceto. Wanda ya komo daga karatu yana ƙyamar tuwon gidansu, yana gaida tsofaffi a tsaye, ya toshe kunnuwan danginsa tun bai buɗe baki ba.

Abu na uku ya fi wuya. Cikin 1884 jami'ar Oxford ta ba Schön digirin girmamawa saboda aikinsa na harsunan Afirka. Dorugu, wanda kalmomin suka fito daga bakinsa, bai sami irin wannan girma ba. Ya komo ƙasarsa ya yi aikin tafinta. Da tsufa ya zo, ya koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909. A Kano ya rasu cikin 1912. Wasu ma'aikata suka zo bayansa suka gyara fassarar, har aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa cikin 1932. Da yawa cikin masu karanta shi ba su taɓa jin sunan Dorugu ba, amma Ubangiji ba ya manta da aikin bawansa.

Saboda haka, idan aka aike ka karatu, ka tafi da tawali'u. Ka riƙe addu'arka ta safe, ka yi aikin yini da aminci ko ba mai dubanka, ka riƙa aika wa iyayenka takarda. Manzo Bitrus ya gargaɗi masu bi su zauna da shirin amsa wa mai tambaya, amma ya gama wannan da ladabi da sauƙin kai. Sa'ad da ka komo Miga ko Jahun ko Dutse, mutanenka za su dubi halinka kafin su saurari hujjarka. Ka roƙi Allah ya sa su yarda da abin da suka gani.