Horace Babcock, mutumin da ya auna maganaɗisun taurari

An haifi Horace Babcock ranar 13 ga Satumba, 1912, a garin Pasadena na jihar Kalifoniya a Amurka. Ɗan gado ne, domin mahaifinsa Harold Babcock masanin Rana ne a cibiyar nazarin taurari ta Dutsen Wilson. Ya gama digirin farko a Caltech a 1934, ya samu na dakta a Jami'ar Kalifoniya a 1938, a kan yadda tarin taurarin Andromeda ke juyawa.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana sun lura da wasu taurari masu zafi da haskensu ke nuna sinadarai irin su silikon, kuromiyam da sitirontiyam da yawan da ya wuce ƙa'ida. Sai aka sa musu suna taurari masu baƙon sinadari, amma dalilin ya gagari kowa.

To, a 1946 Babcock ya ɗora na'urar da ya ƙera a kan madubin hangen nesa mai faɗin inci 100 na Dutsen Wilson. Dabararsa ita ce, maganaɗisu yana tsaga layukan da ke cikin hasken tauraro idan an baza shi kamar bakan gizo, kuma girman tsagar shi ke nuna ƙarfinsa. Da haka ya gano maganaɗisu a tauraron 78 Virginis, wanda yake cikin waɗannan baƙin taurari. Wannan ne karo na farko da aka auna maganaɗisu a wani tauraro ban da Rana.

A 1958 ya fitar da kundin taurari masu maganaɗisu. A 1960 kuma ya auna gaus 34,000 a tauraron HD 215441, alhali na Duniyarmu kusan rabin gaus ne kacal. Har yau tauraron Babcock ake ce masa.

Aikinsa ne ya share fagen bayanin da Georges Michaud ya kawo a 1970: idan saman tauraro ya natsu, haske na tura wasu sinadarai sama, nauyi na jan wasu ƙasa. Maganaɗisu na taimakawa wajen wannan natsuwa, shi ya sa sinadaran ke taruwa dabbare-dabbare a fuskar tauraron.

A 1953 ya kawo shawarar madubin da ke sauya siffa nan take don gyara hoton da iska ke ɓatawa. Fasahar zamanin ba ta kai ba, sai da aka shafe sama da shekara 30 kafin masana taurari su fara aiki da ita. Yanzu manyan cibiyoyi da ita suke aiki.

Ya shugabanci cibiyoyin Wilson da Palomar daga 1964 zuwa 1978, ya kuma tsaya tsayin daka aka kafa cibiyar Las Campanas a ƙasar Chile. Ya mutu ranar 29 ga Agusta, 2003, yana da shekara 90.