Oleg Losev

Oleg Vladimirovich Losev (10 ga Mayu, 1903 – 22 ga Janairu, 1942) masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Rasha, wanda bincikensa ya share fagen fitilar LED.

An haife shi a garin Tver. Bai yi digiri a jami'a ba, ya fara aiki ne a matsayin ƙaramin ma'aikaci a ɗakin binciken rediyo na Nizhni Novgorod. A can ya lura cewa idan lantarki ya ratsa ƙanƙarar silikon kabaid, wani ɗan koren haske yakan fito daga inda waya ta taɓa ta. Baturen Ingila Henry Round ya riga shi ganin hakan a 1907, amma bai zurfafa bincike ba. Losev kuwa ya auna hasken, ya nuna cewa ba zafi ke haifar da shi ba, ya kuma yi bayaninsa da ka'idar kwantom ta Einstein. Ya wallafa sakamakon a 1927, sai dai hasken ya yi rauni, ba a yi amfani da shi ba a lokacin.

Yunwa ce ta kashe shi a Leningrad, sa'ad da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, yana da shekara 38.