Marigayi Norman Ashton, Likitan Da Ya Nuna Abin Da Ke Makantar Da Bakwaini

An haifi Norman Ashton a birnin London a 1913. Ya yi karatun likita a asibitin Westminster, ya gama a 1939, ya kuma ƙware a binciken cututtuka da madubin likita. A 1948 aka naɗa shi shugaban wannan sashe a Cibiyar Nazarin Ido ta London, ya riƙe muƙamin shekara 30.

A zamanin nan wata masifa ta addabi asibitocin Turai da Amurka. Jariran da aka haifa bakwaini, aka sa su a kwalba, sai su rayu amma su makance. Dubbai ne suka rasa ganinsu haka, cikinsu har da mawaƙin nan na Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950. Wata likita a Ostireliya, Kate Campbell, ta zargi iskar oksijin da ake ɗura wa kwalaben fiye da kima.

A 1953 Ashton ya nuna yadda abin ke faruwa. Ya ɗauki jariran kyanwa, domin jijiyoyin jinin idonsu ba su gama girma ba, kamar na bakwaini, ya sa su cikin oksijin mai yawa. Sai ƙananan jijiyoyin da ke shimfiɗe a tantanin bayan ido suka toshe suka shanye. Da aka mayar da su iskar duniya, tantanin ya rasa abin da zai ciyar da shi, sababbin jijiyoyi marasa ƙwari suka tsiro barkatai. A idon jariri, su ne ke zub da jini, su ja tantanin har ya ɓalle.

Wannan bincike da na Arnall Patz a Amurka suka sa aka rage oksijin, makantar ta ragu ƙwarai. Amma inda aka rage fiye da kima, mutuwar jarirai ta ƙaru, aka gane cewa aune ne magani.

Ashton ya rasu a 2000. Tun 1994, da Lois Smith da abokan aikinta suka tsara gwajin a kan ɓeraye, masana suke bin sawunsa. Ana sa ɗan ɓera mai kwana 7 cikin oksijin kashi 75 bisa ɗari har kwana 5, sa'an nan a fito da shi a auna jijiyoyin da suka tsiro. Da haka ake gwada magungunan da za su tsayar da su.