TABIB, BATUREN DA YA FARA SHIGA TAFKIN CADI DA JIRGI

Mutanen Gumel da yawa sun san labarin Abdulkarim, watau Dokta Barth, wanda ya sauka garinsu cikin watan Maris na 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya ga kasuwar kanwa, sa'an nan ya wuce Kukawa. Amma abokin tafiyarsa, Adolf Overweg, wanda mutanen Barno suka sani da suna Tabib, kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Yau muna so mu ba da labarinsa, mu kuma faɗi abin da ya sa aka mance da shi.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus cikin 1822. Ya yi karatu a Bon da Balin, ya ƙware wajen sanin duwatsu da taurari. Cikin watan Maris na 1850 ya taso daga Tarabulus tare da Barth, ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila mai suna Richardson. Cikin kayansu har da jirgin ruwa na katako da aka sassaƙa a tsibirin Malta, aka raba shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa raƙuma. Haka jirgi ya ƙetare Sahara a kan tozo.

Da suka iso Damargu farkon 1851 sai suka rabu, da alkawarin su haɗu a Kukawa. Barth ya bi ta Katsina da Kano da Gumel, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir. Richardson kuwa ajali ya cim masa a hanya. Overweg ya shiga Kukawa cikin watan Mayu, Shehu Umar ya yi masa kyakkyawar karɓa.

Nan da nan aka kai katakan Maduwari, wani ƙauye a bakin tafki, aka harhaɗa jirgi, aka sa masa sunan Palmerston, Ministan Harkokin Waje na Ingila. Turawa sun ga Tafkin Cadi tun 1823, amma ba wanda ya taɓa shiga cikinsa. Mutanen gaɓa ma tsoron Buduma suke yi, mazauna tsibiran, saboda harin da sukan kawo cikin kwalekwale. Tabib ya shiga da damina, ya yi makonni yana bin tsibiri bayan tsibiri, yana sauka ƙauyukansu na masunta da makiyaya. Buduma suka karɓe shi hannu biyu. Ya auna zurfin ruwa, ya tarar ba shi da zurfi sosai, ruwan kuma na daɗi ne, ba na gishiri ba.

A Barno ne ya fanshi yara biyu bayi, Dorugu da Abbega, ya 'yanta su. Dorugu, Bahaushen ƙasar Damagaram, ya bi Barth har Ingila tare da Abbega cikin 1855, daga baya ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, ya rasu a Kano cikin 1912.

Cikin watan Satumba na 1852 Tabib ya shiga ruwa harbin tsuntsaye, ya wuni da jiƙaƙƙun tufafi. Zazzaɓi ya kama shi. Da ciwo ya tsananta ya roƙi a mai da shi Maduwari. Can ya rasu ran 27 ga wata, yana da shekara 30, aka binne shi kusa da tafkin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Overweg ba ya zama ya kwafe abin da ya gani cikin littafi da tawada. Yakan ɗan karta da fensir, da nufin ya gyara in ya koma gida. Da takardunsa suka isa Turai, da ƙyar masana suka iya karanta wani sashe. Barth kuwa, da yake kwafe nasa a kan kari, ya fid da littafi juzu'i biyar, har yau da shi ake kafa hujja kan tarihin Gumel da Kano. Tun daga farin 1973 tafkin ya ja baya ƙwarai, da an sami cikakken bayanin Tabib da an ƙara sanin yadda gaɓarsa take a da.

Saboda haka muna jan kunnen akawuna da malaman makaranta. Wanda ya dawo daga rangadi ya zauna ran nan ya rubuta rahotonsa sarai, yadda wani zai iya karantawa ko ba ya nan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.