Shehu Usumanu ɗan Hodiyo: kowa da aikin da ya iya

Yara, ko kun san a ƙasarmu aka haifi Shehu Usumanu ɗan Hodiyo? An haife shi a shekarar 1754 a Marata, cikin ƙasar Gobir. Wurin yana cikin jihar Tawa ta yanzu. Ya girma a Dagel. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da wasu malamai. Har Agadas ya je neman ilimi wajen Malam Jibirila ɗan Umaru.

Yana da shekara wajen 20 ya fara wa'azi. Yana yin sa da Fulatanci da Hausa, don kowa ya gane. Almajirai suka yi ta taruwa wurinsa. Da jama'arsa ta yi yawa, sai rigima ta shiga tsakaninta da Yunfa, Sarkin Gobir. A 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Can jama'a suka zaɓe shi shugaba.

To, ga abin lura. Shehu malami ne, ba mayaƙi ba. Shi ma ya san haka. Saboda haka bai riƙe kowane aiki shi kaɗai ba. Sai ya duba mutanensa, ya ba kowa abin da ya fi iyawa.

Ƙanensa Abdullahi masanin shari'a ne, ga kuma jaruntaka. Shi ya zama waziri, shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto cikin 1804, suka yi nasara. Aliyu Jeɗo gwanin yaƙi ne, aka ba shi sarautar yaƙi. Ɗansa Muhammadu Bello saurayi ne, amma ya iya shiri da tsara al'amura. Yana cikin shugabannin da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma shi ya gina birnin Sakkwato a 1809.

Ƙasashe masu nisa kuwa, Shehu ya ba da tuta ga waɗanda suka san wuraren. Modibbo Adama ya tafi gabas, Buba Yero ya riƙe Gwambe. Yakubu na Bauci ba Bafillace ba ne, amma almajiri ne mai himma da amana. Shehu bai dubi ƙabilarsa ba, ya ba shi tuta.

Kada ku zaci kome ya tafi daidai. An ci su da yaƙi a Tsuntsuwa, mutane da yawa suka mutu. Wasu mayaƙa suka koma neman dukiya, har ran Abdullahi ya ɓaci, ya bar runduna ya tafi Kano kafin ya komo. Yaƙin kuma ya raba mutane da garuruwansu. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka zauna Tsibiri.

A 1812 Shehu ya raba aikin mulki biyu. Abdullahi ya riƙe yamma, Bello ya riƙe gabas. Shi kuwa ya koma ga aikin da ya fi sani, wato karantarwa da rubuta littattafai. Ya rasu a Sakkwato a 1817.

Bai bar ƴaƴansa mata cikin jahilci ba. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi ilimi mai zurfi. Bayan rasuwarsa ta shirya mata masu koyarwa, ana ce musu jajji, suna kai karatu ƙauyuka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka naɗa ka shugaban aji ko na garkar makaranta, fara duba abin da kowane aboki ya iya. Mai ƙarfi ya ja ruwa, mai lissafi ya riƙe asusu.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Shehu?
2. Don me ya ba Yakubu tuta?
3. Wane aiki ka fi iyawa a ajinku?