H.G. Wells: Marubucin da ya shimfiɗa filin daga a tsakar ɗaki

Duk wanda ya taso a karkarar Rano ko Kibiya ya san yadda yara kan gina dawakin laka su jera su kamar za a fita yaƙi. A Ingila, wani fitaccen marubuci ne ya tsara wa irin wannan wasa dokoki, har ya zama na manya.

An haifi Herbert George Wells ranar 21 ga Satumba, 1866, a garin Bromley. Mahaifinsa ɗan ƙaramin kanti ne, mahaifiyarsa kuma ta yi aikatau. Karayar ƙafa da ya samu a 1874 ce ta kwantar da shi, ya shaƙu da karatu. Bayan ya sha wahalar koyon sana'a a kantin yadi, ya sami tallafin karatun kimiyya a Landan a 1884. Littafinsa The War of the Worlds na 1898 ya ƙara fito da sunansa a duniya.

Wata rana bayan cin abinci, abokinsa marubuci Jerome K. Jerome ya ɗauki 'yar igwar wasa ya fara harbin sojojin dalma na yara. Daga nan Wells ya shiga tsara dokoki, ya wallafa su a 1913 cikin littafin Little Wars.

Dokokin ba su da sarƙaƙiya. Sojan ƙasa na matsawa ƙafa ɗaya, mahayin doki ƙafa biyu. Ana rataya labule a tsakiya har kowa ya gama jera rundunarsa. Igwar na harba ɗan guntun katako, sojan da ya faɗi kuwa ya fita daga wasa.

Abin da masu wannan wasa ke kira tsohon yayi a yau, a nan tushensa yake: sojoji masu tsayin kusan milimita 54 irin na kamfanin Britains, fenti mai sheƙi, gidajen katako da dokoki kaɗan. Wasannin baya-bayan nan irin su Warhammer na 1983 sun zo da ƙananan gumaka da littattafan doka masu kauri.

Sai dai Wells ba nishaɗi kawai ya nufa ba. A ƙarshen littafin ya nuna cewa wanda ya ga yadda lissafi ke ruɗewa a ɗan wasan nan zai gane wautar yaƙin gaske, inda ake barin marayu da zawarawa.

Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, shi kansa ya mara wa Birtaniya baya bisa zaton daga shi an daina yaƙi. A 1914 ɗin kuma ya yi hasashen bam ɗin nukiliya a wani littafinsa. Ya rayu har ya ji labarin Hiroshima, sannan ya mutu a Landan ranar 13 ga Agusta, 1946, yana da shekara 79.